Mutanen da Za Ka Tarar a Bakin Kusugu

A ƙasan adakar Goggo na tsinci hoton, ƙarƙashin wani tsohon saƙi da ya shekara yana shan turaren wuta. Baƙi da fari ne, gara ta ɗanɗana gefe guda. Mahaifina ne yana saurayi, Kawu a gefensa, sun tsaya ƙiƙam kamar an ce duk wanda ya motsa za a ci shi tara, ga bakin wata rijiya a bayansu. Da na juya hoton sai na ga rubutun biro: Kusugu, Daura, Jihar Kaduna. Ke nan an ɗauke shi tun kafin 1987, shekarar da aka yanke mana Jihar Katsina.

Kunya ta kama ni. Daga Mai'adua zuwa Daura tafiya ce da ba ta isa ka shanye rake kara guda ba. Na sha zuwa ɗaurin aure, na sha zuwa kallon hawan Sallar Gani, amma ban taɓa leƙa rijiyar da duk ɗan firamare a ƙasar Hausa ya san sunanta ba. Ran Litinin, bayan ƙurar kasuwarmu ta Lahadi ta lafa, na sa hoton a aljihu na hau mota. Rijiya dai na gan ta, an kewaye ta da gini, ga guga, ga ruwa. Kallonta bai ɗauke ni minti biyar ba. Kallon masu zuwa kallonta ne ya hana ni komawa gida sai bayan La'asar, har ya sa na sake komawa sau biyu.

Wanda za ka fara jin muryarsa shi ne mai gyara wa mai bayani. Yawanci tsohon malamin makaranta ne da ya yi ritaya bai gama koyarwa ba, ko ɗalibin jami'a da ya shiga aji biyu. Mai bayani zai fara da cewa Bayajida ya taso daga Bagadaza, ya yada zango a Borno, ya biyo ta Gaya maƙera suka ƙera masa wuƙa, ya iso Daura da dare ya sauka gidan wata tsohuwa. Kafin ya numfasa, malam ya cafe: Ayana sunanta, ka faɗa musu. A ce maciji ne a rijiyar, ba ya barin kowa ya ɗebi ruwa sai ranar Juma'a. Malam ya ce sunan macijin Sarki, shi ya sa ake ce wa wanda ya kashe shi Makas-Sarki. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, kuma duk mai bayani yana gab da faɗarsa. Daga nan sai ya juyo gare mu ya rage murya yadda har na bakin ƙofa zai ji, ya ce masana suna ganin labarin gaba ɗayansa hanya ce ta bayyana yadda mulki ya tashi daga hannun magajiyoyi mata ya koma hannun sarakuna maza. Mai bayani, wanda ya ga irinsa fiye da gashin kansa, sai ya miƙa masa moɗa ya ce, "Malam, za a sha ko ba za a sha ba?" Ban ga wanda ya ƙi sha ba.

Hajiya mai jarka ita ce uwar ɗakin wurin. Labarin Bayajida bai dame ta ba; ko daga Bagadaza ya zo ko daga Baure, shi ya sani. Ita saƙo aka ba ta. Tun da ta faɗa a gidan suna cewa za ta Daura, unguwa ta tashi: wannan ƙafa ke damunta, waccan 'yarta ta shekara huɗu a ɗaki shiru, wata jikanta ne zai zauna jarrabawa. Ana cewa ruwan Kusugu bai taɓa ƙafewa ba, mutane da yawa kuma sun yarda yana da waraka, saboda haka Hajiya ta iso da jarka biyu, gorar lemo shida, da wata butar da ba a san mai ita ba. Tana tsaye kan yaron da ke jan guga kamar mai karɓar bashi. "Cika ta, ɗan nan, cika ta har wuya, ta kishiyata ce, kar ta ce na shanye rabi a hanya." A tasha za ka sake ganinta tana rigima da kwandasta, wai ruwan albarka ba a biya masa kuɗin kaya. Abin da ban taɓa tambaya ba, don ina son zaman lafiya, shi ne idan jarka ta zube a hanya da wane ruwa ake cike giɓin kafin a isa gida.

Akwai mai tambayar maciji. Yana tsayawa nesa da bakin rijiya taku uku, hannu a ƙirji, ya saurari labarin har inda aka sare kai, sannan ya tambaya a hankali ko macijin ya bar 'ya'ya. Ƙato ne galibi, mai gemu. Matarsa ce ke leƙawa ta ba shi labari.

Sai jikokin Bawo, waɗanda ke zuwa ganin gidan kakansu. Da an kai wurin da Daurama ta auri Bayajida aka haifi Bawo, aka fara jera Hausa Bakwai, Daura da Kano da Katsina da Zazzau da Gobir da Rano da Biram, kowa sai ya gyara tsayuwa yana jiran a kira garinsu kamar ana rabon gado. Bakano da ya ji an ambaci Bagauda sai ya dubi jama'a ɗaya bayan ɗaya, wai ko an lura. In Allah ya haɗa shi da Bazazzagi a rana ɗaya, to an gama jin tarihi, sai tsiya irin ta abokan wasa: wannan ya ce kakan wancan ne ya fara gudu da aka ga maciji, wancan ya ce ai da Bakano ne a garin da tun a daren ya yi cinikin fatar. Wanda ya fi ba ni dariya wani Bazamfare ne da ya yi shiru har aka zo kan Karbagari, ɗan Bagwariya, aka sa Zamfara da Kabi da Yawuri cikin Banza Bakwai. Ya yi gyaran murya ya tambaya, cikin ladabi, wane gari ne ya rubuta lissafin. Aka ce Daura. Ya ce, "To, madalla."

'Yan hoto ba su da wahalar ganewa, domin su kaɗai ne ke juya wa rijiya baya. Saurayi zai ɗaga waya sama, ya karkata hula, ya ɗauka sau ashirin, ya fita bai san ko akwai ruwa a ciki ba. Kafin ya kai titi hoton ya hau Facebook da rubutun cewa yana binciken tarihin magabata.

Ustazu kuma ya zo ne da niyyar gyara. Zai tunatar da Hajiya cewa waraka ta Allah ce, ruwa ruwa ne, kuma a nan bai faɗi ƙarya ba. Hajiya ta ce, "Haka ne, Malam, Allah ya saka," ta ci gaba da ɗura. Can zafin Daura ya yi aikinsa, sai ka ga ya karɓi moɗa, ya zauna, ya yi bisimilla, ya bayyana wa duk wanda ke kusa cewa shi don ƙishirwa kawai yake sha. Ya sha biyu.

Namu na Mai'adua ma ba zan rufa musu asiri ba. Dillalin shanu in ya leƙa rijiya ba ya ganin Daurama, garke yake gani. Tambayarsa ta farko gaba nawa ce zurfinta, ta biyu shanu nawa za ta shayar a wuni, ta uku ko an taɓa tunanin ƙulla ruwan a leda. Tare da shi za ka ga abokin cinikinsa na Matamaye ko Damagaram da ya tsallako ta Kongolam, wanda ya ɗanɗani rufe iyakar 2019 ya kuma ɗanɗani ta 2023. Shi abin da ya tsaya masa a rai cikin labarin duka shi ne yadda mutum ya taho tun daga Bagadaza da doki da takobi ba wanda ya tare shi ya ce ina takardunka.

A waje, ƙarƙashin inuwa, akwai ɗan unguwa. An haife shi inda in ya yi tari za a ji a bakin rijiyar, yana nuna wa baƙi hanya kullum, yana iya karanta maka labarin daga farko har ƙarshe, amma rabonsa da shiga tun da malaminsu na firamare ya jera su ya kai su. Na tambayi wani dalili. Ya ce, "Tana nan ai. Ina za ta?" Ban yi masa dariya ba, don amsar da na shekara arba'in ina ba kaina ke nan.

Jinsi na ƙarshe shi ne namu, masu yawo da hoton gado. Za ka gan mu muna kewaya gini, hoto a hannu, muna rufe ido ɗaya, muna neman daidai inda tsoho ya sa ƙafarsa. Na yi gabas, na yi yamma, na durƙusa, na nuna wa mai bayani, na nuna wa wani dattijo mai carbi. Kowa ya duba ya ce wurin ya canza ƙwarai. Dattijon ya daɗe yana kallo, ya ce lallai ya canza, har bishiyar da ba a taɓa yi a nan ba ta fito a hoton.

Da na koma gida na kai wa Goggo gorarta, na faɗa mata. Ta yi dariya har da share hawaye da bakin mayafi. Ashe ranar nan samarin biyu kallon Gani suka je, suka bi 'yan kalankuwa har rana ta faɗi, kuɗin da ya rage bai wuce na mai hoto ba, shi kuwa mai hoto ya ce ba zai ɗauki akwatinsa ya ratsa cunkoso ba. Sai aka tsayar da su a bakin rijiyar gidan da suka sauka. Sauran aikin biro ya ƙarasa.

A labarin Kusugu an ce da gari ya waye aka ga maciji a mace, Daurama ta yi alkawarin rabin gari ga wanda ya kashe shi, mazaje da dama suka fito kowa ya ce shi ne, sai da aka ce a kawo kai. Ban taɓa tunanin zuriyarsu ta kai gidanmu ba. Hoton yanzu yana jikin bangon zaure, na sa masa gilashi, kuma duk baƙon da ya tambaya ina ne nan, Kusugu nake ce masa.