Masanan Batir a Bakin Ruwa

Yawancin jiragen da ke kai da komo a ruwan madatsar Shagari, wanda bai yi wa mutanen Lambara da Bodinga nisa ba, kwale-kwale ne da ake tuƙawa da filafili ko gora, kuma ko waɗanda aka ɗaura wa inji a Goronyo da Yawuri galibi da igiya ake tada su; saboda haka injin jirgi mai makulli da batir baƙo ne a ƙasar Sakkwato, baƙon abu kuwa ba ya rasa masana. Batirin tada inji, wato akwatin nan mai ɗakuna shida da aka jera wa faya-fayan dalma cikin ruwan asid, asalinsa ƙirƙirar Bafaranshe Gaston Planté ce a 1859, kuma aikinsa guda ne: ya ba kik, wato ƙaramin injin lantarkin da ke fara juya babban inji, wuta mai yawa cikin 'yan daƙiƙoƙi, sannan injin ya biya shi bashinsa ana tafe. Ranar da aka murɗa makulli aka ji ƙas kawai, kafin mai jirgi ya gama salati jama'a ta kewaye shi, kuma jama'ar ta kasu gida-gida gwargwadon halin kowa, domin a wannan fage da hali ake bincike.

Wanda ke fara magana shi ne mai yanke hukunci, mutumin da bai taɓa batirin ba, bai ko sunkuya ba, amma daga inda yake tsaye da hannuwa a baya zai ce: "Malam, wanga batir ya mutu, sai haƙuri." Hukuncinsa ba ya sauyawa daga jirgi zuwa mota ko babur, kuma yakan yi daidai a wasu lokuta, domin zafin watan Afrilu da ke haura digiri 40 a Sakkwato yana ƙafar da ruwan batir, yana cinye faya-fayansa tun bai tsufa ba. Sai dai ƙarar ƙas ɗin nan muryar solonoyid ce, wato makunnin da ke sada batir da kik, kuma abin da take nufi shi ne wuta ta iso amma ba ta isa ba, ko don batirin ya yi sanyi, ko don an tare mata hanya.

Wannan tarewar hanya ita ce abincin mai dutse. Shi ba ya jayayya da kowa, yana zuwa sai ya duƙa ya tsinci dutse ya ƙwanƙwasa kan batir, wato sandunan dalma biyu da ake ɗaura wa waya, kuma abin takaicin shi ne sau da yawa injin yakan tashi, jama'a ta yi kabbara, shi kuma ya yar da dutsen ya kaɗe hannu ba tare da ya dubi kowa ba. Sirrin da bai sani ba shi ne, wani gari fari-fari mai ratsin kore yakan taru tsakanin kan batir da maɗaurin waya, musamman a jirgi inda danshi ba ya yankewa, bugun kuma ya karce garin ne na ɗan lokaci. Da an kwance maɗaurin, an wanke shi da ruwan kanwa ba tare da an bari ya shiga ɗakunan batirin ba, an goge da burushin waya, an ɗaure tamau an shafa giris, da an huta; amma mai dutse ya fi son a sake kiransa, kuma a bugu na biyar ko na goma kan batirin kan tsage daga gindi, a nan ne yakan koma sahun mai yanke hukunci ya tabbatar da cewa dama batirin ya mutu. Yana da ƙane, wanda ke cusa ƙusa a maɗaurin da ya yi sako-sako.

Mai tartsatsi ya fi su duka kwarjini, kuma ya fi su haɗari. Gwajinsa shi ne ya ɗora guntuwar waya ko sifana a kan batir ɗaya ya goga ɗaya ƙarshen a na biyu, in wuta ta yi tartsatsi ya gyaɗa kai ya ce da sauran rai. Batirin da ya sha caji yana fitar da iskar haidurojin, wadda ƙyas ɗaya ke isarta ta fashe, tururin fetur kuma da yake ya fi iska nauyi a gindin jirgi yake kwanciya, daidai inda ake ajiye batir. A mota mutum yana da inda zai ruga, a tsakiyar ruwa kuwa sai dai ya zaɓa tsakanin wuta da iyo. Ba a cika samun mai tartsatsi da cikakkiyar gira ba.

Akwai kuma mai ba da magani, wanda a wurinsa kowace cuta ƙishirwa ce, sai ya kwance murafun batir ya ɗura ruwan rijiya ko na gulbin da ake tsaye a kai, alhali tataccen ruwa kaɗai ake ƙarawa, domin gishirin da ke cikin ruwan rijiya yana lalata faya-fayan. In ya ga haka ba ta yi ba sai ya aika a sayo ruwan asid a ƙara, ya manta cewa ruwa ne ya ƙafe, asid ɗin yana nan.

Mai aro ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne ya gano babban bambancin jirgi da mota, wato mota ana tura ta, jirgi kuwa ko samarin gari sun taru ba sa tura shi ya tashi. Don haka yakan hau babur ya fita bakin titin da ya taso daga Sakkwato ya bi ta Bodinga zuwa Tambuwal da Jega, ya tsayar da direban da suka haɗa kaka, ya ce: "Ɗan'uwa, minti biyu kawai, don girman Allah." Minti biyun mai aro ba sa ƙarewa kafin la'asar. Dabararsa ita ce a tada injin da batirin aro, a cire shi injin yana aiki, a mayar da mataccen, kuma a wannan ɗan tsakanin wutar da injin ke samarwa takan rasa inda za ta zuba ta ƙone rektifaya, wato na'urar da ke daidaita wutar caji. Haka nan in gaggawa ta sa ya ɗora jar waya a kan mai alamar ragi, baƙa a kan mai alamar ƙari. Daga ranar injin ya daina cajin kowane batir, mai jirgi kuma ya shiga sayen sabo bayan sabo yana tsine wa 'yan kasuwa. Ƙa'idar sauyawa ba ta da tsawo: a kashe inji, a fara cire baƙar waya, a mayar da ita a ƙarshe, a ɗaure batirin kada igiyar ruwa ta yi ta jijjiga shi.

Dattijo mai filafili ba ya ba da shawara, yana zaune ne a inuwa yana gyaran koma, lokaci-lokaci yana sanar da jama'a cewa tun zamanin kakanninsa Sarkawa ba a taɓa kai filafili caji ba. Maganarsa gaskiya ce, kuma jirgin da ya fita ba filafili a ciki ya yi ganganci, ko da yake mutanen wannan yanki, waɗanda suka binne mutum 29 na Gidan Magana bayan kifewar kwale-kwale a Afrilun 2022, sun san cewa ruwa ba ya tambayar da me ake tuƙi.

A can gefe, inda ba a ba shi hanya ba, yaron mai gyaran waya yana tsaye da mita a hannu, yana cewa "Baba, a bari in auna," ana ce masa manya na magana. Mitar nan cikin minti ɗaya take raba gardama: batirin da ya huta in ya nuna bolt 12.6 cike yake, 12.2 rabi ne, ƙasa da 12 ya sauka. In an murɗa makulli ya faɗi ƙasa da 9.6 to ƙarfinsa ya ƙare, in kuma inji yana aiki ba a ga wajen 14 ba, laifin na caji ne. Shi ne kuma yakan lura cewa giya ba ta firi, ko maƙallin kashe injin da matuƙi ke ɗaurawa a hannu ya fita, abubuwa biyu da ke hana lafiyayyen inji tashi. Wanda ya fi kowa tsawata masa shi ne mutumin da ya kwana yana cajin wayoyin gidansa uku da fitila a jikin batirin, wanda tun da aka taru yake goyon bayan a sayi sabo.

Na ƙarshen isowa ɗan jari-bola ne da buhu da sikeli, shi kuwa bai damu da wanda ya yi daidai ba, tunda dalma yake saye da nauyi, kuma batirin da aka yi wa ƙazafin mutuwa nauyinsa ɗaya da wanda ya mutu da gaske. Yakan yi ciniki da sauri, kafin yaron ya samu hanya.