Yadda Ake Tsara Shafin Jagora na Manhajar Loda Bayanai, Don Amfanin Injiniyoyin Jidda

Shafin jagora, wanda masu aiki da Unix da Linux ke buɗewa da umarnin man, takarda ce da ake rubutawa da rana cikin natsuwa, a karanta ta ƙarfe biyun dare cikin tashin hankali. Asalinsa watan Nuwamba na 1971 ne, lokacin da Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fitar da jagorar Unix ta farko a Bell Labs, bayan maigidansu Doug McIlroy ya matsa musu lamba. Ke nan ko magabatan wannan sana'a ba don ransu ya so suka rubuta ba, kuma magadansu sun riƙe wannan ɗabi'a da kyau.

A Jidda buƙatar ta fi tasowa bayan saukowa daga Arfa. Alhazai sun cika jakunkuna da abaya da darduma da dabino daga kasuwar Bab Sharif, ofisoshin kago suna aunawa suna liƙa lamba, jirage suna jira a filin Sarki Abdul'aziz. Kowace jaka tana da layi a wani fayil: lambar fasfo, suna, nauyi, jiha. Akwai kuma wata 'yar manhaja da ke kwashe fayil ɗin ta zuba a rumbun bayanai. A nan za a kira ta loda. Injiniyan da ya rubuta ta yakan tafi hutu Kano a daidai wannan makon, ya bar yaron ofis da baƙin allo da shafin jagora. Domin wannan yaro ake duk wahalar da ke tafe.

Ana sa wa fayil ɗin suna loda.1, domin sashe na 1 shi ne na umarnin da kowa ke iya bugawa. Sashe na 5 na bayanin tsarin fayiloli ne, na 8 kuma na umarnin mai kula da na'ura. Injiniya mai son a san da zamansa yakan kai manhajarsa sashe na 8, ko da aikinta bai wuce ƙirga jaka ba. Harshen rubutun shi ne roff, kuma a yawancin Linux manhajar groff ce ke fassara shi, wadda James Clark ya fitar a 1990. Ƙa'idarsa ta farko ita ce duk layin da ya fara da ɗigo umarni ne.

Layin farko .TH ne, sai sunan manhaja da manyan baƙaƙe, sai lambar sashe, sai kwanan wata. An saba rubuta shekara, wata, rana, bisa lissafin Miladiyya. Mazaunin Jidda yana rayuwa da kalanda biyu, don haka yana da damar sa ta Ummul Ƙura, mai karatu ya ga 1445 ya ɗauka an rubuta jagorar kafin Kolombos ya isa Amurka. Wannan yana ƙara wa marubuci kwarjini, kuma ba wanda zai sake tambayarsa yaushe zai sabunta ta.

Daga nan sai .SH NAME, a ƙarƙashinsa layi ɗaya tak: sunan manhaja, sanda mai karkata baya da ɗan gajeren layi, wato \-, sai bayanin aikinta a 'yan kalmomi. Wannan layin ne umarnin whatis da apropos ke ɗauka. Wanda ya cika shi da godiya ga iyaye da malamai da maigidan da ya yi masa iƙama ya yi abin kirki, sai dai yaron da ya buga apropos yana neman abin loda bayanai ba zai gane me ya samo ba. Sashen SYNOPSIS yana biye: abin da za a buga yadda yake a sa shi da kauri da .B, abin da mai aiki zai musanya da nasa, kamar sunan fayil, a karkatar da shi da .I, abin da ba dole ba a sa shi cikin baka mai kusurwa.

Maganar ɗan gajeren layin nan tana da tsawo. A roff, idan aka buga - shi kaɗai, ana nufin alamar haɗa kalmomi ce; idan ana son alamar da ke gaban zaɓi, irin ta -f, sai an rubuta \-f. A ido duk ɗaya ne. Shekara da shekaru marubuta suna buga na farko, tsarin yana rufa musu asiri, har groff 1.23 ya fito a 2023 ya daina rufawa. Mutane suka riƙa kwafo umarni daga jagora suna liƙawa, kwamfuta tana cewa ba ta san wannan zaɓi ba, ga shi kuwa rubuce a gabansu. Sai da aka yi doguwar muhawara a Debian kafin masu kula da ita su mayar da rufin asirin. Injiniyan da ke kewar kiran waya daga Jidda yayin da yake cin tuwo a Fagge sai ya ƙi sa sandar nan, zai ji muryar yaronsa kafin ya wanke hannu.

Sashen OPTIONS ana gina shi da .TP: layin da ke biye shi ne zaɓin, na bayansa kuma bayaninsa, wanda zai fito a ɗan matse ciki. A nan ne kasala ta fi yin ɓarna, kuma akwai misali na gaske. Manhajar db_load ta Berkeley DB, wadda ta koma hannun Oracle da ya sayi Sleepycat a 2006, tana da zaɓin -n, ma'anarsa kada a danne bayanin da ya riga ya shiga rumbu. Manhajar mdb_load ta LMDB, aikin Howard Chu, ita ma tana da -n, amma nata yana nufin rumbun ba a cikin jakar fayiloli yake ba. Mai son hana dannewa sai ya buga -N babba. Wanda hannunsa ya saba da ta farko ya koma ta biyu yana iya goge nauyin kayan jiha guda yana murmushi, yana ganin ya yi taka-tsantsan. Saboda haka kowane zaɓi a faɗi abin da yake yi wa bayanan da ke ciki tun da farko. Bayani irin "-n: yana kunna yanayin n" ya halatta ga wanda ya gaji da aikinsa kuma ya riga ya sayi tikitin komawa gida.

Mai rubuta jagora da Hausa yana da tarkon da Bature bai sani ba. Ba ɗigo kaɗai ke buɗe umarni a roff ba, har da waƙafin sama. Layin da ya fara da 'yan ko 'yar, roff zai ɗauke shi umarnin da bai gane ba, ya haɗiye layin baki ɗaya, ko tari ba zai yi ba. Gargaɗin da ke cewa 'yan kago kada su loda fayil ɗaya sau biyu yana nan a fayil ɗin marubuci, ya ɓace daga allon mai karatu, kuma kowannensu zai iya rantsuwa a kan gaskiyarsa. Maganin shi ne a sa \& a farkon layin. Baƙaƙe masu ƙugiya kuwa, a adana fayil ɗin da UTF-8, ko a rubuta su da lambobinsu: \[u0199] shi ne ƙ, \[u0257] shi ne ɗ, \[u0253] shi ne ɓ. Larabci ya fi wuya, domin groff bai san rubutu daga dama zuwa hagu ba, kuma abin da zai bayyana ya dogara ga tagar da aka buɗe shi a ciki. Sunan unguwa ko na kafili gara a rubuta shi da boko.

EXAMPLES shi ne sashen da yaron ofis zai fara dubawa, wataƙila shi kaɗai. Halin roff ne ya tattara gajerun layuka ya cika su su zama sakin layi ɗaya, kamar kwandasta yana cusa fasinja. Ga manhajar loda bayanai wannan masifa ce. Da zaɓin -T, db_load tana karanta fayil layi bibbiyu: na farko mabuɗi, na biyu bayaninsa, lambar fasfo a sama, suna da nauyi a ƙasa. In roff ya haɗe misalin ya zama layi ɗaya, yaro zai kwaikwayi abin da ya gani. Don haka a kewaye misali da .nf a sama da .fi a ƙasa, ko .EX da .EE. Idan misalin yana da sanda mai karkata baya a cikinsa, a rubuta ta \e, in ba haka ba roff zai cinye ta, sau da yawa har da harafin da ke bayanta. Yana da kyau a ambata cewa layi ɗaya da ya faɗi a tsakiyar fayil yana mayar da suna ya zama mabuɗi, fasfo ya zama bayani, har jakar Hajiya ta Sakkwato ta samu sabon mai ita a Maiduguri.

A EXIT STATUS ake faɗin lambar da manhaja ke bari in ta gama. db_load ta ba da misali mai kyau: 0 in komai ya shiga, 1 in an tsallake wasu bayanai saboda mabuɗinsu yana ciki, sama da 1 in an samu kuskure. BUGS kuwa wurin tuba ne. Injiniya mai gaskiya zai rubuta cewa loda tana ƙin ranar 30 ga Safar saboda tana ɗaukarta 30 ga Fabrairu. Wanda bai shirya tuba ba yakan rubuta cewa ba a san da wata matsala ba, kuma maganar tasa daidai ce, tun da bai gwada ba. SEE ALSO yana zuwa kusa da ƙarshe, da .BR a rubuta sunan kowace manhaja da lambar sashenta.

Kafin a saki jagora, a buɗe ta da man -l loda.1 a karanta a taga mai faɗin harafi 80. Umarnin groff -man -ww -z yana tona layukan da aka haɗiye, mandoc -T lint yana da tsanani fiye da haka, lexgrog kuma yana nuna ko whatis zai gane layin NAME. Sai a matse fayil ɗin da gzip a ajiye a /usr/share/man/man1, na Hausa a /usr/share/man/ha/man1, a buga mandb domin apropos ya san da zuwansa. Lambar wayar injiniya ba ta cikin sassan da aka saba sawa; yaron ofis yana da ita tuni.