Zuwa Ga Tabashiyata, Gimbiyar Gudaji

Ke Ta-Zariya, labari ya iso Kano tun kafin ki wanke tukunyar. An ce kin ɗaura ɗamarar yi wa yara lakar wasa ta fulawa, irin wadda ake sayarwa da sunan Play-Doh. Wallahi na taya ki murna. Shekara da shekaru kina tuƙa abin da ba ya ciwuwa, yau ga shi Allah ya haɗa ki da girkin da dama ba a so a ci.

Kada ki tsuke baki. Ita kanta Play-Doh ɗin ba don yara aka fara yin ta ba. Wani kamfani ne mai suna Kutol a birnin Cincinnati na Amurka yake kwaɓa ta don goge baƙin hayaƙin kwal daga takardar adon bango. Da mutane suka daina ɗumama gida da kwal, ciniki ya faɗi, sai a 1956 aka shigar da ita kasuwa a matsayin kayan wasa. Kin ga ashe tuwon dawarki ma bai kamata ya fid da rai ba, wataƙila magina su neme shi.

To buɗe kunne, don na san ki da awon ido. Fulawa kofi biyu, gishiri kofi ɗaya, ruwa kofi biyu, man gyaɗa cokali biyu, sai ki matse lemon tsami a ciki don ta yi danƙo. Ki gauraya tun a sanyi, sannan ki ɗora a wuta kaɗan kaɗan, kina juyawa da muciya har ta dunƙule ta saki jikin tukunya. Ban ce ki ɗora ki tafi hira a waya ba, Hajiya. Idan ta huce ki cuɗa ta sosai a faranti.

Gishirin nan shi ne fagenki, na yarda. Hannun da ya sa muke shan ruwa randa guda bayan miyarki, yau ya yi rana. Shi ke hana ta yin funfuna da wuri, shi kuma ke sa yaro ya tofar idan ya ɗanɗana. Amma fa ki sa ido a kan mai rarrafen nan naki, da ya gado ki wajen kai komai baki, domin gishiri mai yawa haka yana cutar da ƙaramin yaro. Akuyarki ma ki kore ta.

Kala kuwa ba sai kin je kanti ba. Ruwan zoɓo zai ba ki ja, kurkum ruwan ɗorawa, garin zogale kore. In sun gama wasa ki zuba a roba mai murfi, in ba haka ba iskar hunturu ta busar da ita kafin azahar.

Abu ɗaya nake roƙo: ki bar su su gina abin da suka ga dama. Mu da muka yi shanun yumɓu a bakin kududdufi, ba wanda ya tsaya mana a ka, shi ya sa muka fito da basira. Ke kam na tuna saniyarki, har yau dangi ba su daidaita ba ko kwaɗo ce.

Batun kuɗin sharar bana kuma ki cire rai. Bakano ba ya koyar da sana'a kyauta, mun yi biyan bashi.