Yadda Ake Kiwon Teku a Daura

Alhaji, tunda ka rantse sai ka ajiye teku a falonka, ni ba zan hana ka ba. Ka ce ka gani ne a wani otal a Jidda da ka je Umara: akwatin gilashi, haske shuɗi, kifaye masu launin atamfa suna shawagi tsakanin rassan murjani. Tun daga ranar tattabarunka suka daina burge ka. To, gyara zama.

Mu fara da taswira, don kada ka ce ban gaya maka ba. Daga ƙofar fadar Sarkin Daura zuwa bakin teku a Legas ya haura kilomita 1,000. Ko da za ka tura direba da jarkoki, wahalar banza zai sha, domin gaɓar tekun Najeriya ba ta da tsibin murjani irin wanda ka gani. Kogin Neja da 'yan uwansa suna kwararo laka da ruwan daɗi cikin teku, murjani kuwa ba ya shiri da ruwa mai dauɗa. Wanda ya ɗauke maka hankali ɗan Bahar Maliya ne, ko ɗan Indonesiya. Saboda haka ruwan, gishirin, igiyar ruwan, hasken ranar, har sanyin, duk kai za ka ƙirƙira da hannunka, a garin da tarihinsa ya faro daga macijin da ya hana mutane ɗiban ruwa sai ranar Juma'a.

Murjanin da kakarmu ke ɗaurawa a wuya ƙashin dabba ne, ba dutse ba, ba kuma itace ba. Wasu 'yan mitsi-mitsin halittu ne ke zama dubbai wuri guda, kowace da bakinta da 'yan yatsu, suna gina gida da alli. A cikin jikin irin waɗanda ka gani a otal akwai gansakuka wadda ido ba ya gani, ita ke karɓar haske ta dafa musu mafi yawan abincinsu, ita ce kuma ke ba su launi. Da zafi ya wuce musu ƙa'ida da digiri 1 kacal na 'yan makonni, sai su kori mai dafa abincin, su yi fari fat, su zauna da yunwa. Haka ta faru a babban tsibin murjanin Ostireliya, mai tsawon kilomita 2,300, a 1998 da 2016 da 2024 da wasu shekarun. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa idan mun zo watan Afrilu.

Za a ce maka ka fara da ƙaramin akwati, wai don ka koya. Wanda ya ba ka shawarar nan ba ya ƙaunarka. Ruwa kaɗan saurin zafi gare shi, saurin ɓaci gare shi, ɗigon kuskure ya ishe shi. Nemi mai cin lita 100 zuwa 150. Ka tuna kowace lita kilo guda ce, ga yashi ga duwatsu, don haka teburin da Hajiya ke jera kwalla a kai ba zai ɗauka ba. Kira maƙeri ko mai walda ya yi maka gindi na ƙarfe, a shafe shi da fenti sosai, saboda gishiri ba ya raga wa ƙarfe. Ka ajiye nesa da taga, nesa da ƙofar da yara ke banko wa.

Sai ruwa. Nan ne yawancin masu sha'awa ke sallama. Ruwan rijiyar Kusugu, ta macijin nan, ka je ka sha don tarihi, ka kai baƙi su ɗauki hoto, amma kada ɗigonsa ya shiga akwatin. Haka ruwan burtsatse, haka na famfo, haka wanda ɗan ga-ruwa ya turo a kura. Na ƙasa yana ɗauke da ma'adinai da ragowar takin zamani, na famfo yana da kulorin. A cikinmu lafiya lau suke, a akwatin murjani kuwa gansakuka kore za su haifar maka har ka kasa ganin kifin. Abin da ake so ruwa ne wanda aka tace da na'urar RO har ma'auni ya nuna sifili. Wani zai ce ai fiya wata ma tacewa ake yi. Gaskiya ne wasu masana'antun da RO suke aiki, amma sai ka auna ka gani. In kuma ka zaɓi wannan hanya, yi lissafi: leda ɗaya rabin lita ce, lita 100 leda 200 ke nan, jaka 10, kowace leda da haƙori za a fasa ta. Ka tara yaran gida da wuri. Na'urar RO ɗin ita ma tana da halinta, duk litar da ta ba ka sai ta zubar da kamar 3 ko 4. Kada maƙwabta su ga wannan ruwan yana bin lambatu a tsakiyar bazara, sunanka zai ɓaci a masallaci. Tara shi a yi wanki ko a ba zogale.

Gishiri kuma, ga ƙa'ida: giram 35 a kowace lita, wato kusan kilo uku da rabi a lita 100. Amma ba gishirin miya ba. Kusan kashi 85 cikin 100 ne na gishirin teku yake irin namu na girki, ragowar kuwa magniziyam ne da kalsiyam da fotasiyam da sauransu, kuma da wannan ragowar murjani ke gina ƙashinsa. Gishirin Bilma, wanda Buzaye ke ratso Tenere da raƙuma su kawo, beza ne ko kantu, ka bar wa tukunya da shanu. Na akwati a bokiti yake zuwa daga Turai ko Amurka, da sunaye irin su Instant Ocean da Tropic Marin, farashinsa kuma dala yake kallo kafin ya gaishe ka. A majalisa wani dattijo zai ce a jefa 'yar kanwa. Kada ka yi masa dariya da yawa, domin garin da ake sayarwa a kwalba don ɗaga ƙarfin ruwan dangin kanwa ne da aka tsarkake. Amma kada ka jefa. Ta kasuwa da ƙasa da tarkace take tafe, ba ka kuma san nawa ka zuba ba. Ɗanɗanawa da harshe ma ba awo ba ne. Sayi ma'aunin gishiri, ka tsaya a 1.025.

Ka haɗa ruwa, ka zuba yashi, ka jera duwatsu, ka kunna famfon da ke juya ruwan. Yanzu sai ka zauna. Sati 4 zuwa 6 ba kifi ko ɗaya.

Wannan ne mataki mafi wuya, kuma ba don kimiyyarsa ba. Kimiyyar gajeriya ce: kashin kifi yana zama amoniya, guba ce, wasu bakteriya su mayar da ita naitirait, ita ma guba ce, wasu kuma su mayar da wannan naitiret, wanda ake iya zama da kaɗan daga cikinsa. Bakteriyar nan a jikin dutse suke zama, sai sun yaɗu kafin akwatin ya iya ɗaukar rai. Kana jefa ɗan abincin kifi ya ruɓe, kana awo, har amoniya da naitirait su koma sifili. Wahalar ita ce jama'a. Mutum zai shigo gaisuwa ya tarar da kai a kan kujera, ka ƙura wa akwatin duwatsu ido, janareto na ta kuka a waje dominsa. Zai tambaya ina kifin, ka ce bakteriya kake kiwo tukuna. Zai ce Allah ya ba da sa'a, ya fita, kafin la'asar labari ya kai Zango da Baure cewa a sa Alhaji a addu'a. Daure. Wanda ya kasa jure wannan ya zuba kifi a sati na farko, a na biyu zai kwashe su da matacin koko.

Yanzu Afrilu. Murjani yana son digiri 25 zuwa 26, dare da rana, rani da damina. Daura kuwa a bazara ta saba haura 40, ɗaki mai rufin kwano ya ƙara nasa. Mafita ta sosai ita ce na'urar sanyaya ruwa, ko ɗaki mai iyakwandishan da ba ya mutuwa. Mafita ta talaka ita ce fanka ƙarama da ke hura saman ruwan, tururi ya tashi ya tafi da zafi. Dabarar randa ce, ita ce kuma Mohammed Bah Abba na Jigawa ya yi amfani da ita wajen tukunya cikin tukunya, har ya samu kyautar Rolex a 2000. Busasshiyar iskarmu tana taimaka wa wannan dabara ƙwarai, sai dai tana shan ruwa. Kuma ruwa kaɗai ke tashi, gishiri yana nan. Don haka idan akwati ya ragu, ruwan daɗi tatacce za ka ƙara, kullum, har zuwa layin da ka zana da biro. Wanda ya riƙa cikawa da ruwan gishiri, a wata guda ya haɗa abin jiƙa fata. Ranar da abu ya ɓaci, ƙanƙara a cikin gorar roba rufaffiya tana ceto, amma in bazara ta haɗu da azumi ka san layin da za ka bi a gidan mai ƙanƙara. Hunturu kuma ya zo da nasa: dare ya yi sanyi sai hita, ƙura ta sauka ta yi wa saman ruwa mayafi sai murfin raga da goge-goge.

Duk wannan da wuta yake tafiya. Tarwada za ta kwana a bahon da babu famfo, gari ya waye ta ci abinci kamar ba a yi komai ba. Kifin murjani idan famfo ya tsaya na 'yan awanni cikin zafi, iskar ruwan ta ƙare, shi ke nan. Saboda haka kafin kifi, sola da inbata da batura. Ka kuma ajiye ɗan famfon iska mai batir a aljihun tebur. Idan ka tara kuɗin waɗannan ka je kasuwar Mai'aduwa ka ga irin san da za su saya maka, kada ka gaya wa kowa sakamakon. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Kifin kansa daga nesa zai zo, Indonesiya ko Filifin ko Kenya, a leda mai iskar oksijin cikin akwatin soso. Ya sauka Legas, ya hau jirgi zuwa Kano, sannan mota ta Dambatta da Kazaure. A cikin mota za ka sa shi, inda sanyi yake, ba a but ba. A shingen hanya za a ce ka buɗe, ka buɗe da ladabi, ka shirya amsar dalilin da ya sa babban mutum kamarka ya je har filin jirgi tarbar kifi biyu da ba su kai babban yatsa ba. In kun iso kada ka juye su kai tsaye. Ka riƙa ɗiga musu ruwan akwatinka a hankali har su saba.

Fara da kifin Nemo guda 2, mai ruwan lemo da farin ɗamara, wanda fim ɗin 2003 ya yi wa suna. Nemi wanda aka ƙyanƙyashe a gona, ya fi juriya, kuma ka kuɓuta daga alhakin waɗanda ake kamawa da gubar sayanaid a wasu tekunan Asiya. Yara za su ce sai an haɗa da shuɗiyar ƙawarsa ta cikin fim. Ka ce a'a, tana buƙatar akwatin da ya ninka naka sau da yawa. Akwai wani sirri game da Nemo: duk wanda ya fi girma a gidan shi ne mace, ita ke mulki, kuma idan ta mutu mijin ne ke rikiɗa ya zama mace ya gaje ta. Mu mutanen garin Sarauniya Daurama mulkin mata ba baƙo ba ne a wurinmu, amma kashi na biyu na labarin kada ka kai shi majalisa.

Murjani sai bayan wata biyu ko uku, kuma da masu taushi za ka fara, irin mai kama da laimar kwaɗi da mai kama da koren ciyayi. Masu rassa irin na otal ɗin Jidda, waɗanda ake kira Acropora, ka bar su sai ka shekara, ga shi ma fataucinsu tsakanin ƙasashe sai da takardar CITES. Fitila shuɗiya awa 8 zuwa 10 a rana ta wadatar, ka ja labule da magariba don kada unguwa ta fara tambayar wa kake kira da dare. Wata magana kuma ba ta raha ba: wasu masu kama da ƙananan furanni, dangin Palythoa, suna ɗauke da guba mai tsanani. Sa safar hannu, kare idonka, kuma kada a taɓa tafasa dutsensu da sunan tsabta, tururin yana kwantar da gida guda a asibiti.

Saura mutanen gida. Fiya-fiya da maganin sauro na fesawa ba sa shiga ɗakin nan har abada. Turaren wuta sai ka zauna da Hajiya a yi sulhu, shawarata ka miƙa mata ɗaya falon gaba ɗaya tun kafin ta nema. Hannun da ya sha man shafawa ko humra ba ya shiga ruwa. Guntun wayar jan ƙarfe idan ya faɗa ciki, murjani da dodon koɗi duk sun tafi. Autanka kuma, saboda tausayi, zai ga kifi ba su ci tuwo ba. Sa murfi mai kwaɗo.

Kowane mako ka zubar da kashi 10 cikin 100 na ruwan ka zuba sabon haɗi. Zaɓi Juma'a bayan an sauko, tunda macijin ma ranar ya ware.

Lokacin Sallar Gani gida zai cika da baƙi. Za su kewaye akwatin, su yi salati, su ƙwanƙwasa gilashi da zobe. Daga nan wani kawu zai gyara murya ya tambayi abin da kowa ke son tambaya: yaushe za su isa ci, kuma suna haihuwa a sayar? Kada ka fara bayanin bakteriya. Tun da safe ka aika kasuwa a sayo karfasa, a soya da yaji, a shigo da ita a faranti daidai wannan lokacin, ka kuma sa yaro ɗaya ya tsaya kusa da soket, saboda akwai wanda zai cire famfon ya sa cajin waya.