Takardar Tayin Sarauta Zuwa Ga Kogin Shari

Ranka ya daɗe,

Ina gajiya, ina hanya? Yaya ka baro mutanen Sar? A miƙa mana gaisuwa wurin ƙaninka Logon in kun haɗu a gaban Kusuri, a ce masa muna ganin aikinsa, ba mu manta ba.

Dalilin wannan takarda shi ne, majalisarmu ta masu shan shayi a gindin darbejiya ta zauna bayan la'asar, ta duba al'amarin ruwa a Njamena tun daga famfo har lambatu, ta kuma yanke shawarar a naɗa ka Sarkin Ruwan Birni. Kada ka ɗauka irin sarautar nan ce ta masunta, a ba ka rawani ka riƙa yi wa kwalekwale addu'a. Tamu mai aiki ce: ruwan sha, ruwan sama, da ruwan da muka gama amfani da shi, duka za su koma hannunka. Mutum ɗaya ne ya ƙi amincewa, wani dattijo ɗan unguwar Waliya, wanda ya ce shi tsakaninsa da kai sai gaban Allah. An ba shi haƙuri, an ƙara masa kofi.

Ba girman shekaru kaɗai muka duba ba, ko da yake shi ma abin dubawa ne. Kana nan kana tafiyarka ranar 22 ga Afrilu 1900 da Rabe da Bafaranshe Lami suka kwanta dama rana ɗaya a Kusuri. A gabanka Faransawa suka kafa sansanin da suka kira Fort-Lamy, a gabanka kuma shugaba Tombalbaye ya sauya masa suna zuwa Njamena a 1973. Gwamnatoci sun zo sun wuce, kai ko kallo ba su ishe ka ba.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne cika alkawari. A duk faɗin garin nan, ranka ya daɗe, ba mu san wani ma'aikaci mai zuwa kan lokaci irinka ba. Ruwan sama zai ɗauke mana wajen ƙarshen Satumba, gari ya washe, mata su fito da katifu su shanya, mai gida ya ce alhamdu lillahi bana an tsira. A daidai lokacin ne kai kuma kake ɗaura ɗamara. Ruwan da ya sauka a Afirka ta Tsakiya da tsaunukan Adamawa yana bukatar makonni kafin ya iso, don haka Oktoba ne watanka, wani lokaci ka ɗan taɓa Nuwamba. Ba ka kuma zuwa a ɓoye. Kana ratsa Sar ana ganinka, Logon yana ratsa Mundu da Bongor ana ganinsa, akwai ma'auni kafe a gaɓa ana karanta tsayinku ana rubutawa a littafi. Wato dai kana aiko da sanarwa tun kana nesa. Amma kowace shekara in ka iso, sai mu riƙe baki mu ce abin ya zo ba zato.

Sai kuma batun kai ruwa gida-gida, wanda a nan ne ka ba kowa rata. Bahaushe ya ce zuwa da kai ya fi aike, kai kuma ka ɗauki maganar da gaske. A 2022 ka haura mita takwas, ka shiga Waliya da Tukra da sauran unguwannin gunduma ta tara, babu bututu, babu takardar biya, babu wanda ya bi layi. Ka kai ruwa tsakar gida, ka kai ɗaki, ka kai ƙarƙashin gado. Mutum ya biya kuɗin kwalekwale don ya je ƙofar gidansa ya ɗauko tukunya. 'Yan kilando, wato 'yan acaɓa, suka jingine babura suna kallon masunta na kwashe musu fasinja a kan titi. A 2024 ka dawo, ka ma ɗara na baya.

A nan dole in ajiye wasa gefe. Ranar 19 ga Oktoba 2022 sai da shugaban ƙasa Mahamat Idris Debi ya ayyana dokar ta-ɓaci, domin ambaliya ta taɓa larduna 18 cikin 23, ta shafi mutum fiye da miliyan ɗaya. Ta 2024 ta ci rayuka 576 a faɗin Chadi, ta shafi kusan mutum miliyan biyu. Ba duka ne aikinka ba, ruwan sama ma ya yi nasa, amma da hannunka a ciki. Wanda ya ga samari tsakar dare da fitilar waya a baki, suna cika buhuna da rairayi suna jerawa a kan jinga, ruwa na tsattsafowa ta tsakanin yatsun ƙafarsu, ba zai yi maka kirari da zuciya ɗaya ba. Dattijon nan na Waliya yana da hujjarsa. Muna ba ka sarautar ne don mun lura wanda aka ɗora wa nauyi ya fi saurin jin kunya.

To, ga abin da za ka tarar in ka shiga ofis.

Ruwan sha dai ka san ba daga bakinka muke ɗiba kai tsaye ba. Garin nan daga ƙarƙashin ƙasa yake sha: rijiyoyin burtsatse, injina su turo ruwan zuwa manyan tankunan nan na sama da muke ce wa shato, daga can ya gangaro cikin bututu. Masana sun ce kai ne kake ciyar da wani ɓangare na ruwan ƙasan a asirce, saboda haka ba baƙon aiki ba ne a wurinka. Matsalar ita ce inji ba ya tashi sai da wuta. Da can ruwa da wuta gida ɗaya suke, a ƙarƙashin kamfanin STEE. Turawan kamfanin Vivendi sun karɓi ragamar gidan a 2000, suka ajiye ta a 2004 suka kama gabansu, abin da ya kamata ka yi tunani a kansa kafin ka karɓi rawani. A 2010 aka raba auren, STE ta ɗauki ruwa, SNE ta ɗauki wuta. Sai dai saki ne irin na takarda, domin har gobe in amarya wuta ta yi yaji, ango ruwa ba ya fitowa.

Ga shi kuma garin ya fi bututu sauri. Ƙidayar 2009 ta same mu kusan miliyan ɗaya, daga nan kuwa sai abin da ya ƙaru. Kafin a ja bututu zuwa wata unguwa, an riga an yanka wasu biyu a bayanta. Abin da ya rage wa mutanen gefen gari shi ne famfon tuƙa-tuƙa a tsakar gida, ko ɗan ga-ruwa da kurarsa cike da jarkoki rawaya. Ina roƙonka kada ka kori wannan bawan Allah in ka hau. A watan Afrilu, lokacin da zafi ya haura digiri 40, kai ka rame har yara na wasa a kan rairayin tsakiyarka, shi ne yake tura kura cikin ƙura. A watan Agusta kuma shi ne dai yake tura ta cikin taɓo, ruwa iya gwiwa, yana kai wa mutane ruwan sha a gidan da ruwa ya ci. In akwai wanda ya cancanci Galadima a fadarka, shi ne.

Sashen ruwan sama ya fi ban dariya, in ba kai abin ya shafa ba. Ruwan da muke samu a shekara ta al'ada bai cika wuce milimita 600 ba, Kano ma ta fi mu. Amma yawancinsa cikin Yuli da Agusta yake zubowa, kan gari shimfiɗaɗɗe kamar faranti, kan ƙasa mai laka da ba ta shan ruwa da wuri. A wurare da dama gaɓarka ta fi unguwannin da ke bayanta tudu, don haka ruwa ba ya iya gangarowa wurinka da ƙafarsa. Sai an tara shi a manyan kududdufai, an bi da shi ta magudanai, an sa inji ya ɗaga shi. In kuma ka cika ka batse, bakin magudanar da aka gina don ta kawo maka ruwa sai ta zama ƙofar da kake bi ka shigo mana. An ce kogi ba ya ƙin yayyafi. Mu dai mun ga ranar da ka ƙi, har ka maido mana da ƙari.

Yanzu bari in gabatar maka da lambatu, ma'aikacin da ya fi kowa shan wahala a fadarka. An gina shi don ruwan sama, wata uku a shekara. Sauran wata taran mun ba shi wasu ayyuka: ruwan wanke-wanke, ruwan wanka, tokar murhu, ɓawon mangwaro, silifa ƙafa ɗaya, da rairayin da iskar hunturu take kawowa kyauta. Mai shago ya ɗora masa kankare ya kafa tebur a kansa. Sai an ji hadari ya fara haɗuwa a gabas sannan a fito da shebur, alhali kowa ya san ba a fafe gora ranar tafiya. A kwaso baƙar laka mai wari, a jibge ta a bakin lambatun, taku ɗaya daga inda aka ciro ta, a ce mota za ta zo kwasa. Laka ta bushe, awaki su hau su yi kiwo, yara su tsallake ta zuwa makaranta. Ruwan farko na sauka, sai ta koma inda ta fito lafiya lau, ba ta ɓata ko cokali ɗaya ba. Wannan aiki ana yin sa duk shekara, ana kuma kashe masa kuɗi duk shekara.

Leda ce babbar 'yar adawarka a wannan sashe. A 2010 magajiyar gari Marie-Thérèse Mbailemdana ta yi mata korar kare, har baƙi suka riƙa mamakin yadda bishiyoyin Njamena suka daina fitar da baƙin fure. Aka yi shekaru ana zuwa kasuwa da kwando. Daga baya ta lallaɓo ta dawo, ba ta nemi izinin kowa ba.

Sashe na uku ba a cika son ambatonsa a gaban manya ba, amma sarki ba ya ƙyamar talakawansa. Birnin nan ba shi da babbar hanyar ƙarƙashin ƙasa da ke kwashe ƙazantar gidaje zuwa matata. Kowane gida da masansa, mai hali ya gina rami da siminti. In ya cika a kira motar yasa, ko a kira masu guga da dare. Inda motar take zuwa bayan ta bar unguwa, wannan kai za mu tambaya, don ka fi mu sani. Abin da ke hana ni barci shi ne tazarar da ke tsakanin masai da famfon tuƙa-tuƙa a gidaje da yawa, wadda ba ta wuce a miƙa hannu a gaisa ba. Da rani kowa yana harkarsa. Ranar da ruwa ya kwanta a tsakar gida kuwa, sai su zama dangi. Waɗanda suka ga kwalarar 2011, wadda ta kama mutum wajen dubu 17 a ƙasar nan, ba sa bukatar a yi musu dogon bayani. Sauro kuma ba ya ma jiran annoba, kowane kududdufi gidan haihuwarsa ne.

Na san abin da za ka ce, domin an faɗe shi a majalisa kafin ka faɗa. Za ka ce ba kai ka shiga gidan kowa ba, mu ne muka shiga naka. Fadamar da ke tsakaninka da Logon wurin miƙe ƙafarku ce tun kafin a haifi kakanninmu, muka zo da rani muka ga ta bushe, muka auna, muka sayar, muka buga bulo. Gaskiya ne. Amma ka yi wa talaka adalci: wanda ya gina a can ba don sha'awar kallon ruwa ya gina ba, kuɗin fili a kan tudu ne ya fi ƙarfinsa. Wanda ya sa hannu a takardar filin kuwa, ba a Waliya yake kwana ba.

Kada ka ji tsoron cewa baitulmali babu kome. A 2023 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 150 don shirin da ake kira PILIER, na kare birnin daga ambaliya: jinga, magudanai, da tsarin gargaɗi tun da wuri. Madalla. Roƙonmu dai shi ne, in an gama yanka ƙyalle an tafa, ka sa ido a kan abin da ba a ɗaukarsa hoto, wato man inji, da albashin mai gadin ƙofar magudana, da motar nan da aka ce za ta zo kwasar laka.

Akwai wata 'yar magana ta harkokin waje. Kai ne kake kai wa Tafkin Chadi kusan kashi 90 cikin ɗari na ruwan da koguna ke zuba masa. Hukumar kula da tafkin, wadda aka kafa a garin nan a 1964, tana nan hedkwatarta kusa da kai. An daɗe ana taro ana zancen haƙa hanya a jawo ruwa daga yankin Kogin Kwango don a cika tafkin. Ba mu ƙi ba, manya sun fi mu hangen nesa. Muna dai tuni cewa duk ɗigon da za a jawo, ta ƙofar gidanmu zai wuce. In an tashi, a fara sanar da mutanen gunduma ta tara su ɗaga gadajensu.

Sharuɗɗan naɗi ba su da yawa. Albashi babu, amma ai ka saba karɓar abin da muke zubo maka ba ka ƙorafi. Za a yi bikin cikin Afrilu, a ƙarƙashin gadar Shaguwa, lokacin da kake da sauƙin kai kuma ana iya zama a gabanka a shimfiɗa tabarma. Idan ka amince, ba sai ka zo da kanka ka faɗa mana ba, don Allah. Ka ba masu wanki na bakin gaɓa saƙo, kullum muna haɗuwa da su. Dorinan nan kuma da kake yawo da su, a bar su a gida, ba mu tanadi abincinsu ba.

Naka mai biyayya,
Magatakardan majalisar gindin darbejiya,
Njamena.