Bazazzagi, a Bar wa Masassaƙa Ƙashinsu

Kai Bazazzagi, bawan Kanawa, goge maiƙon hannunka ka matso, yau karatu zan yi maka kyauta.

A Masar akwai tsohon birni, Fusɗaɗ, wanda Amru ɗan Asi ya kafa a shekarar 641, yanzu Alƙahira ta haɗiye shi. Tun daga 1912, da Ali Bahgat ya fara tonon kufansa, ake ta zaƙulo kayan ƙashi: 'yartsana, gululun mazari, tsinken kwalli, har da mataji. Hauren giwa na masu hannu da shuni ne. Talaka kuwa ƙashin ƙafar saniya ko na raƙumi ya ishe shi yanga. A dafa shi maiƙon ya fita, a tsaga da zarto, a goge har ya yi sheƙi, sannan a bi shi da zane: ɗigo a tsakiya, zobe ya kewaye shi, a jera reras, wani lokaci a cusa baƙin launi ko ja a cikin zanen. Irin wannan adon aka sake gani a Naisabur ta Iran, inda masu tono daga Amurka suka fara aiki a 1935.

To, a ce a zamanin ka rayu, ai da masassaƙan nan sun kwana da yunwa. Ƙashin da ya shiga hannunka, ka zuƙe ɓargo, ka gwaigwaye guringuntsi, ka tattaune saura, kare ma sai dai ya bi ka da harara. Me za a sassaƙa? Da gidan kayan tarihin Musulunci na Alƙahira ya tashi da akwatuna wayam, a rubuta a jiki: Bazazzagi ya riga mu.

Matajin nasu, yawanci na katako, baki biyu gare shi. Gefe ɗaya manyan haƙora masu tazara, na warware gashi. Ɗayan ƙanana, a matse, tarkon kwarkwata da ƙwanta. Nan kam na sara maka: wace kwarkwata za ta yi gida a sanƙon nan naka? Tana sauka santsi zai kwashe ta, sai a ƙeya za a tsinto gawar. Mataji a aljihunka, ɗan'uwa, ɓarnar dukiya ce.

Babbar Sallah na tafe. Ƙafafun san da za ku yi watanda a ware min su, zan aiko yaro da buhu. Kuma zan duba, in na ga shaidar haƙori, biya za ka yi.