Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Mai Girma Ƙwallon Zinare

Zuwa ga Mai Girma Ƙwallon Zinare, Sarkin Kyaututtuka, mai fada a birnin Paris.

Ranka ya daɗe, gaisuwa mai yawa daga Durun, da fatan ka tashi lafiya bayan shagalin daren jiya, Litinin 22 ga Satumba 2025. Mu dai ba mu tashi lafiya ba. Ana idar da isha'i muka cika gidan kallo, aka yi karo-karon kuɗin man janareta, don masu wuta sun ɗauke abarsu tun la'asar. Muka jure kallon mutane cikin kwat suna tafa wa juna, har aka zo ga sunaye. Mohamed Salah, na huɗu. Na huɗu fa, yallaɓai! Da safen nan a teburin mai shayi, wani yaro da ban taɓa jin ya ambaci PSG ba sai bana ya ɗaga mini yatsu huɗu maimakon gaisuwa.

Ina roƙon a yi mini bayani, ni talaka. Salah ya ci ƙwallo 29 a gasar Firimiya, ya bayar an ci 18. Ba wanda ya taɓa haɗa 47 a kakar wasanni 38. Shi ya ɗauki Liverpool a kafaɗa har ta ci kofinta na 20. Me ya rage ya yi? Ya tsare raga?

Na san amsarka, an riga an ba ni ita da shayi: Ousmane Dembélé, wanda ka zaɓa, ya ci Kofin Zakarun Turai da PSG, kuma PSG ce ta fitar da Liverpool. Na ji. Yaron ya yi wasa, kukan da ya yi a gaban mahaifiyarsa ma ya taɓa ni, Allah ya sanya albarka. To amma in kofi ake bi, ina ka jefa Achraf Hakimi? Duk kofin da Dembélé ya ɗaga a bana, da hannun Hakimi a jikinsa. A wasan ƙarshe na birnin Munich da aka yi wa Inter 5-0, ɗan baya Hakimi ne ya buɗe raga, Dembélé bai ci ko ɗaya ba. Ka ajiye shi na shida.

Kai, bari in sauke rawanin nan mu yi magana. Kwanon awo biyu gare ka, irin na mugun ɗan kasuwa: da babba kake saye, da ƙarami kake sayarwa. In ɗan Afirka ya zo da ƙwallaye, ka ce kofi ake so. In ya zo da kofi, ka ce ƙwallaye. In ya zo da duka biyun, ka ce a dubi kofin ƙasa. Messi ya ci kofin Kudancin Amurka a 2021, ka bi shi gida. Rodri ya ci na Turai a 2024, ka bi shi gida. Sadio Mané ya ci wa Senegal kofin Afirka na farko a tarihinta, a Kamaru, a 2022, shi ya buga fenaretin ƙarshe, ka ce ya tsaya na biyu. Kofin namu na roba ne? Samuel Eto'o ya haɗa kofi uku da Barcelona a 2009, ka ba shi na biyar. Ya koma Inter ya sake haɗa uku a 2010, abin da ba wanda ya taɓa yi a jere, ka kau da kai. Drogba, na huɗu a 2007. Bara Ademola Lookman ya zura uku rigis a wasan ƙarshe na Europa, ya karya Leverkusen da ta yi wasa 51 ba a doke ta ba, ka lissafa shi na 14.

Tun 1956 mujallar France Football take yawo da kai, sau ɗaya tak ka shigo hannun mai buga wa wata ƙasar Afirka: George Weah, 1995. Shekara 30 ke nan. Mutumin ya yi ritaya, ya shiga siyasa, ya mulki Laberiya, ya faɗi zaɓe ya sauka, kai har yau ba ka sake gane hanya ba. Kuma ba jinin ne ba ka so. Zidane da Benzema asalinsu Aljeriya, Dembélé tsatson Mali ne ta wajen uba. Kana son 'ya'yanmu ƙwarai, in dai rigar Faransa suka sa.

Za ka ce ba kai ke zaɓe ba, 'yan jarida 100 ne daga ƙasashe 100. Haka kowane mai unguwa ke cewa in hukunci ya yi wari. Kai ne fa a 2020 ka rufe ƙofa ka ce annoba, Lewandowski ya gama cin komai ya tsaya a waje. Na kuma samu labarin cewa kai ɗin ma tagulla ce aka shafa wa ruwan zinare. Ban yi mamaki ba.

In ka haɗu da ƙaninka na hukumar CAF, ka ce ina gaishe shi, kuma har yanzu muna bin sa bashin Jay-Jay Okocha, wanda bai taɓa ba shi gwarzon Afirka ba. Maganar Rabi'u Ali na Kano Pillars, da ya haura 40 yana taka leda a Ƙofar Mata, ba zan ma ɗauko ta ba, na san ko sunan filin ba ka taɓa ji ba.

Buƙatata ɗaya ce, ranka ya daɗe, tunda na huce kaɗan. Ka fitar da kwano ɗaya tun farkon kaka, ka nuna wa duniya, mu san abin da za mu yi musu a kai. Sannan ga kofin Afirka nan za a fara a Maroko ranar 21 ga Disamba, tsallaken ruwa kawai daga Sifen. Ka tura 'yan jaridarka su zauna su kalla, su shigar da shi cikin lissafi.

Naka mai biyayya bisa tilas,
Wani ɗan bencin baya, gidan kallo, Durun.